A koya wa yara dara a zaman kulle

Ranka ya daɗe Edita,

Lokacin da aka rufe Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, yara sun kasance cunkushe a gida, ba boko ba islamiyya, wuta kuma sai an ga dama. Muna roƙon iyaye su dawo da dara, wadda ba ta cin ko sisi.

A tona gurbi 30 a tsakar gida, layi 5, kowane layi gurbi 6. Inda aka yi siminti, a zana da gawayi. Mutum ɗaya ya ɗauki tsakuwa 12, ɗayan guntayen kara 12. Ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jera uku a lokacin dasa. Nan sababbin hannu suka fi kuskure, don zumuɗi. Bayan an gama ne ake turawa, gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cire tsakuwa ko karan abokinsa guda. Jerin huɗu ba ci ba ne. A faɗi wannan tun farko, domin shi ke kawo gardama.

Don Allah a kawar da tsakuwar daga gaban masu rarrafe, kada su haɗiye. A kuma wanke hannu da sabulu bayan an tashi.

Wassalam,
Wasu iyaye, Kano