Kar ki ce sai gari ya waye

Assalamu alaikum Aminiya,

Ya nauyin jiki, ya zafin Sakkwato? Mu nan Jos sanyi ya sauko, alwalar asuba ma sai an ɗora ruwa a wuta. Na ga saƙonki kan maganar anko, zan zo kanta, bari in fara sauke abin da ke raina.

Autarmu ta sauka, namiji, amma mun ga tashin hankali. Kin san ta dawo gida Unguwar Rogo goyon ciki. Yaron nan kullum bayan isha'i sai ya yi ta harbinta, har muna ganin zaninta na motsi muna dariya. Ranar nan tun azahar take cewa, "Yaya, yau ban ji shi yadda na saba ba." Goggo ta ce ai haka ne, in haihuwa ta matso wuri kan yi wa yaro kaɗan, ta sha kunu ta kwanta. Kin san Goggo, duk 'ya'yanta a ɗaka ta haife su, ba a ja da ita. Ni dai na tare mana Keke, muka bar ta tana mita.

A asibiti suka ɗaura mata wata na'ura a ciki mai zana bugun zuciyar yaro a takarda. Nas ta ce na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 110 da 160 a minti, kuma in ya motsa sai bugun ya ɗan haura. Na namu ya ƙi haurawa. Hoton ciki ya nuna ruwa ya ragu, ga jininta ya hau ba ta sani ba. Likita ta ce ta mabiyiya yaro ke samun abinci da iska, in ta fara gazawa sai ya rage motsi don ya tattala ƙarfinsa. Shirun nan shi ne kukansa. A daren aka yi mata aiki.

To ke nake ji, uwar son jiki, mai zuwa awo sai an yi mata gori. Kin shiga wata bakwai, lokacin da ya kamata ki san sa'o'in da naki ke wasa ke nan. Maganar Goggo ba haka take ba: salon motsin kan canja, harbi ya koma juyi da miƙa, amma ba ya raguwa har naƙuda. Barcin yara a cikin ciki minti 20 zuwa 40 ne, da wuya ya wuce 90. In kina kokwanto, ki kwanta ta gefen hagu ki natsu, idan awa biyu ta wuce ba ki ji sau 10 ba, ki ɗauki mayafi. In kuwa kin tabbata ya canja daga yadda kika saba, ko ƙirgar ma kar ki tsaya yi, ko da tsakar dare ne. Yawanci akan duba a ce lafiya lau, a dawo gida. Kuɗin Keke kawai aka yi asara. Kuma don Allah ki riƙa shan maganin ƙarin jini da na zazzaɓin da suke bayarwa a wurin awo, na san a ƙarƙashin katifa suke ƙarewa.

Af, Goggo yanzu ita ce kan gaba wajen ba 'yan barka labari, wai tun farko ita ta ce a tafi asibiti! Ba wanda ya tanka. Mutuminki mai shagon Terminus kuma an ɗaga bikinsa, wai sai bayan Sallah, kowa da abin da yake faɗa. Tumatir ya yi araha a Farar Gada, da kina kusa da na aiko miki da kwando har da dankalin Turawa.

Ki gaida maigidan, ki ce masa na ce kar ya yarda motar nan ta kwana ba mai daga yanzu har ki sauka. Allah ya raba lafiya.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Jos