Ramammen doki shi ne gwarzon waƙoƙin Sin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta sharhin da shafinku na adabi ya kawo a kan doki a tsofaffin waƙoƙin ƙasar Sin, na kuma yaba da ƙoƙarin marubucin, sai dai ban gamsu da yadda ya taƙaita al'amarin a kan ƙarfi da nasarar yaƙi ba, domin dokin da ya fi yawo a bakin manyan mawaƙan daular Tang ramamme ne, wanda ke da gudu a ƙafa amma bai sami wanda ya san darajarsa ba.

Gaskiya ne sarakuna sun so doki saboda mulki. Sarki Wu na daular Han ya tura runduna zuwa kwarin Fargana da ke tsakiyar Asiya a shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) don a kawo masa dawakin da ake cewa guminsu kamar jini yake, aka kuma yi waƙar yabonsu a fada. Haka ma Cao Cao, babban jagoran yaƙi kuma mawaƙi na ƙarshen daular Han, bayan yaƙin da ya ci a arewa a shekarar 207, lokacin ya haura shekara 50, ya kwatanta kansa da tsohon ingarma da ke kwance a barga alhali zuciyarsa tana kan tafiyar ɗaruruwan kilomita. Waɗannan masu iko ne, burinsu kuwa yana da rundunar da za ta cika shi.

Mawaƙan da suka biyo baya yawancinsu masu neman aikin gwamnati ne ta hanyar jarrabawa ko ta hannun wani babba da zai gabatar da su, shi ya sa wani tsohon labari ya kama zukatansu. An ce Bole, gwanin sanin dawaki, ya gamu da wani ingarma an ɗaura masa amalanken gishiri yana fama da hawan dutsen Taihang, gumi na zuba, gwiwa na rawa. Ya sauko ya rungume shi yana kuka, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa masa, dokin kuwa ya ɗaga kai ya yi haniniya saboda ya ga wanda ya gane shi. Han Yu, marubuci kuma mawaƙin daular Tang wanda ya rayu daga 768 zuwa 824, ya ɗora hujjarsa a kan wannan, inda ya ce dawaki masu gudu ba su taɓa ƙarewa ba, irin su Bole ne suke wuyar samu, kuma mai kiwon da ya hana ingarma isasshen hatsi shi ne zai tsaya a gabansa da bulala yana cewa babu dokin kirki a duniya. A ganina babu zargin da ya kai wannan zafi ga shugaban da ke kukan rashin mutane.

Mawaƙi Du Fu ya nuna fuskokin biyu, ta doki mai ƙarfi da ta wanda aka yasar. Yana matashi ya yabi wani dokin Fargana mai kunnuwa kamar fiƙaƙƙiyar gora, mara tarin nama, wanda mahayi zai iya damƙa wa ransa. Bayan tawayen janar An Lushan da ya ɓarke a 755, kuma bayan an rage masa muƙami an tura shi Huazhou a 758, sai ya yi waƙa a kan dokin soja da aka yasar a bakin hanya, tambarin gwamnati na nan a jikinsa, fata ta bushe, hankaki na tsattsagar miki, yana tambaya ko akwai gidan da zai ɗauke shi ya ciyar da shi, a sake gwada shi baɗi idan ciyawa ta fito. Duk wanda ya san halin da mawaƙin yake ciki ya san a kan wa yake magana.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Li He, mai waƙoƙin doki 23, wanda ya rasu bai kai shekara 30 ba. Abokan hamayya sun tare masa hanyar babbar jarrabawa da hujjar cewa sunanta ya yi kama da sunan mahaifinsa, kuma duk da kariyar da Han Yu ya rubuta masa, bai sami wannan digirin ba. A ɗaya daga cikin waƙoƙin ya ce idan ka ƙwanƙwasa ƙashin dokin nan ramamme za ka ji amon tagulla. A wata kuma yana tambaya yaushe za a ɗaura masa linzamin zinariya ya yi sukuwa a sararin kaka.

Don haka nake roƙon ku ware wa waɗannan mawaƙa uku fili na wasu makonni, a fassara waƙoƙin cikakku, a haɗa kowace da tarihin shekarar da aka yi ta. Mutanen da suka tashi suna jin kirarin dawaki a hawan sallah ba za su sha wuyar fahimta ba, kuma malaman adabi a jami'o'inmu za su iya taimaka muku da aikin.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Katsina.