Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Tsofaffin Baburan Jeji

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, da sauran 'yan uwa.

Bisa ƙa'ida Ma'aji ne ya kamata ya karanto muku ɓangaren kuɗi, ni Sakatare in tsaya a kan ayyuka. To kowa ya san tun tsakiyar shekara ya ajiye littafi saboda hidimomin gabansa, kuma da aka tambayi wanda zai karɓa sai duk aka sunkuyar da kai. Shi ya sa za ku ga rahoton bana a haɗe, kuma za ku ji shi da ɗan ɗaci. A yi haƙuri da ni.

Da kuɗin wata zan fara, don a nan komai ya tsaya. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabinmu ba. Akwai masu bashin wata uku, akwai na wata takwas, akwai kuma waɗanda rabonsu da biya tun ranar da suka yanki katin shiga. Na kira waya, na aika saƙo, na taka har gida. Wani ya ce in dawo ƙarshen wata, na dawo aka ce ya yi tafiya, washegari na gan shi ya ɗora hoton sabuwar salansa da ya sa wa babur ɗinsa. Ban yi baƙin ciki da salansar ba, Allah ya sa alheri. Amma wanda ya iya sayen salansa ai bai rasa kuɗin wata ba. Ni ma aikin sa kai nake yi, ba a biyana, katin wayar ma daga aljihuna yake fita.

An yi tarukan wata-wata, ban da guda biyu da mutane ba su cika ba.

Sai maganar Suzuki TS185 ɗin ƙungiya, wanda na ji ana cewa kwamitin gyara ya kwance shi ya watsar. Ga yadda abin yake. Da muka buɗe injin mun tarar fistin ya kama, ya karce bangon silinda, don haka dole a rarake ta a sa fistin da ringi masu girman gaba. Wannan an yi. Abin da ya kashe injin tun farko shi ne robobin karanshaf da suka bushe. Wanda ya san injin mai bugu biyu ya san idan robobin nan suka mutu, iska na shiga ta inda bai kamata ba, mai ya yi ƙaranci, zafi ya yi yawa, fistin ya sake kamawa. In da mun ɗaura sabon fistin a kan tsofaffin robobi don kawai a ji ƙararsa ranar taro, da yanzu asarar ta zama biyu. Mun yi odar robobin da gaskit, wanda ya aiko ya aiko na wani samfurin daban. A 1971 aka fara yin TS185, kuma an canza abubuwa a jikinsa tsawon shekarun, shi ya sa muka tura masa lambar injin tun farko, bai duba ba. Ya yarda zai canza, mu za mu biya kuɗin mayarwa, asusu kuma babu komai. Famfon baƙin mai na CCI, wato tsarin Suzuki mai zuba wa injin baƙin mai da kansa, shi ma yana jiran a gwada shi. Injin yana nan a gareji, kowane ƙusa a cikin gwangwaninsa da rubutu a jiki. Duk mai shakka ya zo in buɗe masa.

Rajistar babura ita ma rabi ta yi. An ce kowa ya kawo lambar firam da lambar injin da shekarar ƙira, aikin da bai fi minti biyar da tsumma ɗaya ba. Har yau ina jiran na mutane da yawa. Rumfar da aka ce za a ƙara a gareji ba a taɓa ba, dalili ɗaya ne da na sama, wato rashin kuɗi, ba sai na maimaita ba.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne Yamaha XT500 da Baba Shugaba ya ba ƙungiya, da fitar kwana biyu da muka yi da shi. Waɗanda suka ga ranar da aka sauke shi daga mota sun san ba babur aka kawo ba, gawa aka kawo. Tanki ya ci tsatsa, kabureta ta daskare da tsohon fetur, ɓeraye sun gama da wayoyi. Mutum 7 ne suka tsaya a kansa duk ƙarshen mako, kusan su ɗin ne kuma masu biyan kuɗin wata a kan lokaci, kayan gyaran ma karo-karo suka yi a tsakaninsu. Sai da muka jiƙa tankin muka girgiza shi da ƙananan notoci a ciki har ruwan ya daina fitowa ja. Shi wannan babur a cikin firam yake ajiye baƙin mansa, ma'aunin yana can bayan wuya, don haka firam ɗin ma sai da aka wanke cikinsa. Wutarsa volt 6 ce, da kontak irin na da, babu wani akwatin lantarki da za ka cire ka sa sabo. Malam babban bakanikenmu ya zauna da ma'aunin tazara yana saita kontak ɗin kamar mai saka zare a allura, yara na tsaye a kansa ba mai tari.

Ranar tayarwa kuwa an sha kallo. Silinda ɗaya ce mai cc 499, ba a yi mata garaje. Za ka ja ɗan hannun rage matsi, ka taka kik a hankali har fistin ya ɗan gota ƙololuwa, ka saki hannun, sannan ka sauke nauyinka gaba ɗaya ba tare da ka murɗa totur ba. Wani ƙanenmu ya ce shi ba sai an koya masa ba. Ya murɗa totur ya taka, kik ya dawo ya make shi a idon sawu, sati guda yana ɗingishi. Baba Shugaba ya tattare riga ya hau, bugu na biyu injin ya amsa. Ya daɗe a zaune a kai yana saurare bai ce uffan ba, daga baya ya ce rabonsa da jin wannan ƙarar tun kafin a haifi wasunmu.

Ga matasanmu masu tambayar me ya sa ake ta zumuɗi a kan tsohon ƙarfe: XT500 ya shiga kasuwa a 1976, kuma da shi Bafaranshen nan Cyril Neveu ya ci tseren Faris zuwa Dakar na farko a 1979, ya sake ci a 1980. Sai a 1981 Hubert Auriol ya karɓe kambin da BMW. Irin babur ɗin da ya ratsa Sahara ke nan yake jingine a garejinmu.

A tafiyar kwana biyun nan, babura 11 suka fita. Akwai Yamaha DT175 guda uku, da Honda XL250, wanda tun 1972 ya zo da bawul huɗu a silinda ɗaya, da Bultaco ɗin Alhaji da ba ya bari kowa ya taɓa. Yana da gaskiya, kamfanin ya rufe tun 1983, abin da ya karye sai an sha wuya, ga shi giyarsa a ƙafar dama take, wanda bai saba ba zai nemi birki ya zuba giya. A yashi muka fara gane su wa ke zuwa atisaye. An rage iskar tayoyi, an ce a koma baya a kan kujera, a riƙe wuta, kada a yi kokawa da kan babur. Waɗanda suka ji tsoro suka saki totur duk sun sha ƙasa, ba wanda ya ji ciwo, hular kwano ta yi aikinta.

A mashigin rafi ne DT175 ɗaya ya faɗa rami ya sha ruwa. Mai shi ya kai ƙafa zai taka kik, Malam ya daka masa tsawa. Aka cire fulogi, mutum huɗu suka kifa babur ɗin tayoyi sama, aka yi ta juya injin ruwa na feshi ta ramin fulogi. Aka zubar da na kwanon kabureta, aka matse soson iska aka shanya a kan dutse. Kafin awa ɗaya ya tashi yana tari da farin hayaƙi, muka yi ta ihu kamar yara. Bayan tsallakawa kowa ya yi tafiya yana ɗan taka birki har ya bushe, don birkin ganga idan ya jiƙe sunansa kawai birki. XT500 bai ba mu kunya ko sau ɗaya ba, sarƙa kawai muka ɗaure masa da yamma. Guda 10 suka dawo da ƙafarsu, ɗaya a bayan mota saboda wayar kuloci da ta tsinke, kuma mai shi an gaya masa tun a gareji cewa ta fara zarewa. Godiya ta musamman ga ɗan uwan da ya ba da motar da man da ta sha bai karɓi komai ba.

Da hotuna suka fita, mutanen da ban ji muryarsu ba duk shekara su ne suka fara kirana, wai me ya sa ba a sanar da su ba. An sanar sau uku, saƙonnin suna nan a wayata. Wasu kuma babur ɗinsu na jingine a garejin ƙungiya shekara biyu, taya ta sace, fetur ya ruɓe a tanki, sun tare wurin da masu aiki ke buƙata.

Saboda haka kwamiti zai kawo shawara uku a babban taro: wanda bashinsa ya wuce wata shida ba zai fita da mu ba sai ya biya, babur ɗin da ya shekara ba a taɓa shi ba mai shi ya zo ya ɗauka, sannan a zaɓi sabon Ma'aji a ranar, kafin a tashi. Ba na son karanta sunayen masu bashi a gaban dattawa, amma takardar tana hannuna, kuma Baba Shugaba ya ba ni izini. Mai son ya ga an goge nasa ya same ni a gareji ranar aiki, ina wurin tun safe. Wanda kuma ya ari sifana mai lamba 17 da abin cire fulogi ya taho da su.

Wassalam.

Sakatare