Wasiƙa ga ɗana mai aiki da tubabbun 'yan daba

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa. Mahaifiyarka ta matsa mini in raba ka da wannan aiki na jawo tsofaffin 'yan daba zuwa hanyar Allah, domin hankalinta ya ƙi kwanciya. Ni ba zan hana ka ba, amma ka ba ni aron kunnenka.

Duk sanda muka yi waya, yawan waɗanda suka tuba kake lissafa mini. Ka rage wannan lissafi. Yaro ya fashe da kuka a wurin wa'azi, ya miƙa wuƙarsa, wannan shi ne mai sauƙin. Daba ce ke ciyar da shi, ita ke ba shi wurin kwana, ita ke rama masa in an taɓa shi. Ranar da ya fita duk ya rasa waɗannan, abokan gabarsa kuwa ba wanda ya gaya musu ya tuba. Washegari ya tashi da yunwa, ba sana'a, ga tabon sara a fuska da sunan gidan yari a kansa. Me ka tanadar masa?

Fada Greg Boyle ya gane haka a cocin Dolores Mission da ke Los Angeles a Amurka. A 1988 shi da mutanen cocin suka fara nema wa yaran unguwa aiki, da masu kamfanoni suka yi ta noƙewa sai suka buɗe gidan burodi a 1992. Daga nan Homeboy Industries, ƙungiyar da ke taimaka wa tsofaffin 'yan daba, ta samo asali. Abin da ya fi burge ni ba burodin ba ne. Yaran da jiya suke farautar juna, yau ga su kafaɗa da kafaɗa suna kwaɓa fulawa, dole wannan ya miƙa wa wancan tire. Suna kuma goge zanen ƙungiya daga fatar mutum kyauta da na'urar leza, zama bayan zama, da zafi kuwa, domin ba mai ɗaukar ma'aikaci da tambarin daba a goshi. Shirin nasu wata 18 ne, ka ga ba su ɗauke shi aikin dare ɗaya ba.

A Boston ma, sai da 'yan daba suka kutsa cocin Morning Star a 1992 ana tsakiyar jana'iza suka daba wa wani matashi wuƙa, sannan fastoci suka fito suna yawo a titunan cikin dare, suna sauraro kafin su yi wa'azi.

Wani zai koma, ka sa wannan a ranka. Zai yi wata uku lafiya lau, ran nan ka ga wurinsa ba kowa, wayarsa a kashe. Kada ka aika. Ka je da ƙafarka ka ƙwanƙwasa ƙofa, ko da ka tarar idonsa ya yi ja yana warin ƙwaya. Ka zauna, kada ka fara da aya. Kunya ce ta hana shi zuwa, in ka ƙara masa wata ka rasa shi. Ciwon da ya daɗe ba ya jin magani sha ɗaya.

Kada ka bari a ɗauke ka ɗan rahoton 'yan sanda, kada kuma ka ɓoye wa kowa makami ko kayan sata, komai roƙonsa. Tun ranar farko ka faɗa musu abin da za ka iya riƙewa a cikinka da wanda ba za ka iya ba. Kuɗi a hannu kuma a'a. Ka biya kuɗin koyon sana'ar kai tsaye. Su ma suna auna ka. A El Salvador, a shekarun baya, ƙungiyar daba ta MS-13 kan ƙyale ɗanta ya fita in ya shiga coci da gaske, amma tana sa masa ido, in ta ga wasa yake ransa ne a bakinsa. Saboda haka kada ka yi gaggawar ɗora sabon tuba a mumbari ko a Facebook don ya ba da shaida.

Unguwannin nan kuma kada ka shige su kai kaɗai da dare. Ka kira mahaifiyarka ranar Lahadi.

Mahaifinka