Wane littafin ake nufi? Martani kan sharhin fina-finan Marvel da DC

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri tare da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan sharhin da ya fito a shafinku na nishaɗi, inda marubucin ya yi wa fina-finan kamfanonin Marvel da DC na Amurka kuɗin goro, ya ce duk sun ci amanar littattafan zanen da aka ciro su daga ciki. Na ji daɗi da jaridar Hausa ta ɗauko wannan batu, domin musun da samari ke yi a kansa a majalisu da shagunan tura fim a waya bai gaza na ƙwallo ba. Sai dai ban yarda da hukuncinsa ba, kuma ga dalilina.

Duk wanda ya tayar da jijiyar wuya yana cewa "ba haka yake a littafi ba", a tambaye shi: wane littafin? Na wace shekara? Wa ya rubuta shi? Yawanci a nan baki ke mutuwa.

Superman da ya fara fitowa a 1938 ba ya tashi sama, tsalle kawai yake yi, ya haye dogon gini ya diro. Tashin da kowa ya san shi da shi a farkon shekarun 1940 ya zauna masa, kuma katun ɗin sinima na wancan lokaci ya taimaka wajen kafa shi. Koren dutsen nan da ke karya masa lago, kiriftonait, a wasan rediyo ya fara bayyana a 1943, kafin ya shiga littafi. Wato tun ran gini, littafin ma aro yake yi daga waje. Batman kuwa, wanda yau ake rantsuwa cewa ba ya kisa ba ya taɓa bindiga, a labaransa na 1939 ya riƙe bindiga kuma ya aika mutane lahira. Daga baya editoci suka haramta masa. To wanne ne na asali, mai bindigar ko wanda aka hana?

Marubucin ya yi kukan cewa fim ɗin Iron Man na 2008 ya kai jaruminsa Tony Stark Afganistan alhali a littafi a Biyetnam aka kama shi. Gaskiya ne, haka labarin 1963 ya ce. Amma Marvel da kanta ta daɗe tana jawo tarihin jarumanta gaba don kada su tsufa, ta sauya wannan yaƙi da wancan ba tare da neman izinin kowa ba. Peter Parker, wato Spider-Man, ɗan sakandare ne a 1962. Da an bi lissafi da yanzu ya doshi tamanin, yana fama da ciwon gwiwa.

A wajen DC abin ya fi haka rikicewa. A 1961 suka kawo dabarar cewa akwai duniyoyi fiye da ɗaya, don su haɗa tsohon Flash da sabo a labari guda. Dabarar ta yi daɗi, aka yi ta ƙara duniyoyi har mai karatu ya rasa gane wane Superman ke magana. A 1985 suka ɗauko tsintsiya: labarin Crisis on Infinite Earths, fitowa 12, ya rushe duniyoyin ya bar guda, ya kashe Supergirl da Flash Barry Allen. A 2011 suka sake share allo, suka fara littattafai 52 daga lamba ɗaya. A 2016, da masu saye suka yi ta guna-guni, suka dawo da da yawa daga abin da suka zubar. Wanda ya ce fim ya saɓa wa silsilar labarin DC, sai ya fara faɗa mana wacce daga cikinsu.

Mutuwa ma ba mutuwa ba ce a wurinsu. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman, jaridun Amurka suka ɗauka kamar wani shugaba ne ya rasu, aka sayar da miliyoyin kwafe, wasu suka saya suka ɓoye a leda suna jiran ranar da zai yi tsada. Shekara ba ta zagayo ba ya tashi. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Jason Todd, Robin na biyu, wato yaron da ke taimaka wa Batman. A 1988 kamfanin ya ba da lambobin waya biyu, ya ce masu karatu su buga su zaɓa: yaron ya rayu ko ya mutu. Mutum 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce a bar shi. Ƙuri'a 72 ta raba gardama, Joker ya lakaɗa masa duka da ƙarfe sannan bam ya ƙarasa shi. A da, masoya na cewa mutum uku ne kaɗai ba sa dawowa daga kabari: Bucky abokin Captain America, da Jason Todd, da kawun Peter Parker. A 2005 biyun farko suka dawo a shekara guda. Kuma dawowar Bucky ɗin nan, da aka yi zaton saɓo ce, ita ta haifi Winter Soldier, wanda fim ɗinsa na 2014 ke cikin waɗanda masu musun nan suka fi yabo.

Wani zai ce ai kamar Gizo ne a tatsuniya, yau kura ta cinye shi, gobe da dare ga shi yana damfarar Ƙoƙi, kuma ba yaron da ya taɓa tsayar da kaka ya ce ta yi bayani. Da ɗan gaskiya a nan, amma kwatancen ba ya kai wa ƙarshe. Kaka ba ta karɓi kuɗin kowa ba, ba ta kuma yi alkawarin cewa tatsuniyar yau ci gaban ta jiya ba ce. Su kuwa kamfanonin nan da wannan alkawari suke ciniki: sayi na wannan wata, domin abin da ya faru a ciki zai yi tasiri har abada. Shi ya sa akwai inda nake bayan masu fushi ɗari bisa ɗari. Peter Parker ya auri Mary Jane a 1987. Shekara ashirin masu karatu suna biye da auren nan, da daɗinsa da rigimarsa. A 2007 shugabannin Marvel suka ga jarumi mai iyali ba zai ja yara ba, sai suka sa shi ya ƙulla yarjejeniya da Mephisto, shaiɗanin labaran, ya ba da aurensa a shafe shi daga tarihi don gwaggonsa May ta rayu. Yaron da duk labarinsa a kan ɗaukar nauyin abin da ya aikata aka gina shi, shi ne aka sa ya je wurin shaiɗan neman mafita. Wannan ba darakta ya yi ba, Malam Edita. Masu littafin ne da hannunsu.

Saboda haka ni ma'aunina ba kaya ba ne, ba tsayi ba ne, ba launin fata ba ne. Hali ne. Idan jarumin ya aikata abin da mai irin halinsa zai aikata, fim ya riƙe amana ko da ya sauya masa gari da wando.

Tarihin ƙorafin kamanni ai abin dariya ne. Da aka ɗauki Michael Keaton ya fito a Batman na 1989, an ruwaito wasiƙun ƙin amincewa kusan 50,000 sun isa kamfanin, wai ɗan barkwanci ne. Wolverine a littafi gajere ne, ƙafa biyar da inci uku, Hugh Jackman kuwa ya haura ƙafa shida, aka ce bai dace ba, ya kuma riƙe rawar sama da shekara ashirin. Heath Ledger ya sha zagi kafin a ga Joker ɗinsa, ya ci Oscar a 2009 bayan rasuwarsa. Nick Fury farar fata ne a 1963, amma masu zanen Marvel ne da kansu suka zana shi da fuskar Samuel L. Jackson a 2002, shekara shida kafin ya taka rawar.

Inda musu ke da nama shi ne irin na Man of Steel na 2013, da Superman ya karya wuyan abokin gabarsa Zod. Masu kare fim ɗin kan kawo hujja da labarin 1988 inda ya kashe Zod da mutanensa biyu da kiriftonait, kuma hujjar gaskiya ce. Amma su ƙarasa karatun mana. Bayan kisan nan abin ya tsaya masa a rai har ya kasa zama a duniya, ya yi hijira zuwa sararin samaniya. A fim kuwa ya kurma ihu sau ɗaya, jim kaɗan sai ga shi yana raha da wani janar a kan jirgin leƙen asiri, ga birni a ragargaje a bayansa. Ba kisan ne ya dame ni ba, saurin mantuwar ne.

Akwai kuma inda sauyin ya fi na littafi, ko mai gardama ya so ko ya ƙi. Mugun nan Thanos, a littafin 1991, ya hallaka rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace yana neman soyayyarta. Fim ɗin 2018 ya ba shi dalilin da za a iya zama a yi musu a kai, cewa baki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan. (Me ya hana shi ninka abincin tunda ikon na hannunsa? Wannan kuma sai a tambayi marubutan.) Mu da ke Afirka ma ya kamata mu fi kowa godiya da ba a bi littafi sau da ƙafa ba a Black Panther. M'Baku da 'yan kallo suka ƙaunata, a littafi sunansa Man-Ape, baƙar fata sanye da fatar farin goggon biri. Dakarun matan nan, Dora Milaje, da aka ƙirƙiro su a 1998 an gabatar da su ne a matsayin 'yan matan da ake tanadar wa sarki don aure. Da daraktan fim ɗin, Ryan Coogler, ya kwafo waɗannan yadda suke, da marubucinku ne zai fara rubuta cewa Turawa sun raina mu.

Wani abin da sharhin ya tsallake shi ne cewa sauye-sauye da yawa lauyoyi ne suka yi su. Marvel ta durƙushe da bashi a 1996, haƙƙin fim ɗin X-Men da Fantastic Four yana hannun Fox, na Spider-Man ya koma Sony. Shi ya sa a Civil War na 2016 ba a ga Reed Richards, jagoran Fantastic Four, ba, alhali a littafin 2006 yana tsakiyar rigimar. Shi ya sa kuma a fim ɗin Avengers na 2015 ba a iya cewa jaruma Wanda da ɗan'uwanta 'ya'yan Magneto na X-Men ba ne. Sai da Disney, wadda ta sayi Marvel a 2009 kan dala biliyan 4, ta haɗiye Fox a 2019 sannan hanya ta buɗe. Darakta ba zai saka abin da ba na kamfaninsa ba.

In dai hakkin wani ake son a bi, ga inda gizo ke saƙar. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman kan dala 130, suka tsufa cikin talauci kafin a yanka musu ɗan fansho a tsakiyar shekarun 1970. Bill Finger, wanda ya tsara mafi yawan abin da muka sani game da Batman, ya rasu a 1974, ba a fara rubuta sunansa tare da na Bob Kane ba sai 2015. Ed Brubaker, marubucin da ya dawo da Bucky, ya fito fili ya ce ɗan fitowar da ya yi a fim ɗin ta fi kawo masa kuɗi a kan ƙirƙirar Winter Soldier ɗin kansa. Ban taɓa jin 'yan gani-kashe-nin da ke kumfar baki a kan launin rigar Wolverine sun yi wa waɗannan bayin Allah rabin wannan kumfar ba.

Roƙona biyu ne. Idan za a sake irin wannan sharhi, a riƙa faɗin shekara da sunan wanda ya rubuta labarin da ake kafa hujja da shi. Sannan a buɗe wa masu karatu fili a kan batun T'Challa, sarkin da ke fitowa a matsayin Black Panther. Bayan rasuwar Chadwick Boseman, wanda ya taka rawarsa, a watan Agustan 2020, Marvel ta ƙi ba wani rawar, ta kashe sarkin a fim ɗin 2022, ta naɗa ƙanwarsa Shuri. Wannan yana da madogara, domin Shuri ta zama Black Panther a littafi tun 2009, kuma fim ɗin ya bar ƙofa da ya nuna ɗan da sarkin ya bari. Duk da haka ni ina ganin an yi kuskure. Tun daga Keaton mutum shida suka sa rigar Batman a manyan fina-finai, uku suka sa ta Spider-Man, ba wanda ya ce a binne jarumin tare da ɗan wasa. Sarkin Afirka da aka ƙirƙira tun 1966, wanda bai samu fim nasa na kansa ba sai bayan shekara 52, bai kamata a rufe babinsa da fim ɗaya ba. Na san akwai masu ganin girmama mamaci ya fi, kuma ina son in ji hujjarsu a wannan shafi.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Zariya