Sikila: Takardar Gwaji Kafin Aure Ba Ta Isa Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. Tun da gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da gwajin jinotayif, wato gwajin irin jinin da mutum ya gada daga uwa da uba (AA, AS, SS da sauransu), zancen ya shiga bakin waliyyai da limamai da iyaye mata. Mun yi maraba da dokar ƙwarai. Damuwarmu ita ce, ana miƙa wa saurayi da budurwa takarda mai haruffa biyu, babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu ma'anarta, babu kuma mai tambayar ta wace hanya aka yi gwajin. Su kuwa jariran da aka riga aka haifa da cutar, kusan ba a maganarsu. Alhali binciken ƙwayoyin gado ya daɗe da fayyace wannan cuta fiye da yawancin cututtuka.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, shi ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu ya kai ta sassan jiki. A 1910 wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, ya fara bayyana ƙwayoyin jini masu lanƙwasa kamar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin masu cutar ne ya bambanta da na sauran mutane. Wajen 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram, a Cambridge ta Ingila, ya gano ainihin wurin: a cikin jerin ɗigo 146 da suka haɗa sarƙar beta ta himogulobin, ɗigo na shida kaɗai ne ya sauya. Umarnin ƙera wannan sarƙa yana rubuce a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunsoshin ƙwayoyin gado, kuma harafi ɗaya ne na DNA ya canja, GAG ya koma GTG. Wannan himogulobin, da ake wa laƙabi da S (lafiyayyen kuwa A ake ce masa), idan ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya dunƙule ya zama dogayen zaruruwa masu tauri. Ƙwayar jinin sai ta lanƙwashe, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani ke tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne. Shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa kuma ya yi ruwan ɗorawa.

Me ya sa abin ya yi mana yawa? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka: yaron da ya gaji S ɗaya tak, wato AS, ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya daɗe yana kashe yara, masu AS sun fi rayuwa su hayayyafa. Shi ya sa a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a ƙasar nan. A kula, wannan kariya ba ta shafi mai SS ba, wato wanda ya gaji S biyu, mai cutar. Shi zazzaɓin cizon sauro ma ya fi yi masa illa, don haka gidan sauro da maganin rigakafi wajibi ne a gare shi.

Kowane ɗa yana ɗauko kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan dukansu AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin ɗari ɗan ya zo AA, kashi 50 ya zo AS, kashi 25 ya zo SS. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ce tunda ɗaya cikin huɗu ne, an haifi na fari da cutar, ukun da ke tafe sun tsira. Ba haka ba ne. Kamar mutum biyu ne kowa ya cilla kwabo sama: abin da ya faɗo a wannan karo bai san abin da ya faɗo a karon baya ba. Ana samun gidan AS da AS mai 'ya'ya biyar babu mai cutar, ana samun mai uku a jere. Idan aka yi lissafi, cikin irin waɗannan gidaje ɗari masu 'ya'ya huɗu, kusan 68 za su sami aƙalla ɗa ɗaya mai SS. Idan 'ya'yan shida ne, adadin ya kai kusan 82. A ƙasar da haihuwa shida ba abin mamaki ba ce, wannan lissafin ya kamata a faɗa wa masu neman aure.

Muna roƙon mazaje su ji wannan da kyau: ɗa ba ya zama SS daga uwa kaɗai. Matar da aka saka ko aka tsangwama saboda ta haifi masu sikila an zalunce ta, domin rabin gadon daga mijin ya fito. Haka kuma mai SS ba a hana shi aure ba. Idan ya auri AA na gaskiya, duk 'ya'yansu AS za su zo, ba mai cutar. Auren zumunci kuwa ba shi ke ƙirƙiro S ba, sai dai idan S ɗin na cikin dangi, 'yan uwa sun fi yiwuwar haɗuwa a kansa, don haka gwaji ya fi zama dole a kansu.

Yanzu ga gwajin kansa, inda ɓarna ta fi yawa. Da farko, rukunin jini, wato A, B, AB da O, wani abu ne daban da jinotayif. Wanda ya ce shi "O ne" bai faɗi komai a kan sikila ba.

Na biyu, akwai gwaji mai arha da ake ɗiga jini a kan gilashi a haɗa shi da sinadarin da ke janye iska, a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe, ko a zuba jinin a wani ruwa a ga ko zai yi gauraye. Wannan gwaji yana cewa ne kawai akwai S ko babu. Ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin himogulobin C ko kaɗan. C wani sauyi ne a daidai wannan ɗigo na shida, ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, amma akwai shi a nan. Mai AC zai fito "babu sikila" a wannan gwaji, a rubuta masa AA. Idan ya auri AS, ɗaya cikin huɗu a kowane ciki SC ne, ita ma cutar sikila ce, takan taɓa ido da ƙashin ƙugu, takan kuma wahalar da mace lokacin goyon ciki. Bai halatta a rubuta jinotayif daga irin wannan gwaji ba.

Gwajin da ya dace shi ne wanda ake ɗora jinin a kan wata takarda ta musamman a ratsa ta da lantarki, kowane nau'in himogulobin ya yi tafiyarsa ya tsaya a layinsa, ko kuma na'urar HPLC wadda ke ba da kason kowane nau'i a lamba. Shi ma na lantarkin yana ɓaci idan aka yi sakaci. Dole a ɗora jinin da aka riga aka san yana da A da F (himogulobin na ɗan tayi) da S da C a gefe, domin a gwada layukan da shi. Idan ruwan sinadarin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke kafin layukan su rabu, ko aka cika jini a kan takardar, sai layuka su haɗe, ma'aikaci ya yi ƙiyasi. Ga kuma musayar kwalabe idan ba a rubuta suna a gaban mai jinin ba. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne ƙarin jini. Mai SS da aka ƙara wa jinin AA zai iya fitowa AS, domin ƙwayoyin da aka ƙara masa suna nan har wata uku zuwa huɗu. Duk ɗakin gwajin da bai tambayi mutum yaushe aka ƙara masa jini ba, bai gama aikinsa ba. Shawararmu ga masu neman aure: a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a yi shi a wurare biyu da ba su da alaƙa, idan sakamakon ya saɓa a je a yi HPLC.

Akwai wata matsala da ta raba aure ba gaira ba dalili. Uba takardarsa AA, uwa AS, sai ga ɗa da cutar sikila, sai zargi ya tashi. Kafin a tuhumi kowa, a sani cewa akwai gadon da ake kira beta talasimiya, inda kwafi ɗaya ba ya ƙera sarƙar beta sosai ko ma sam. Mai ɗauke da shi lafiyarsa ƙalau, kuma a gwajin lantarki AA yake fitowa. Idan ɗa ya gaji wannan daga uba, ya gaji S daga uwa, zai yi cutar. Ana gane irin wannan uba idan aka ga jajayen ƙwayoyinsa ƙanana ne, kuma wani nau'in himogulobin ɗinsa mai suna A2 ya haura kashi 3.5 a HPLC. Wata alama ga ma'aikatan gwaji: a AS na gaskiya A ya fi yawa, kusan kashi 60, S kusan kashi 40. Idan S ya rinjayi A, kada a rubuta AS.

Sai jarirai. Tun 1948 likitar yara Janet Watson ta lura cewa jaririn da ke da cutar ba ya nuna ta a farkon watanni, domin jininsa cike yake da himogulobin na ɗan tayi, wato F, wanda ke hana S dunƙulewa. Yayin da F ke raguwa wajen wata shida, sai a fara ganin kumburin bayan hannu da ƙafa da kuka ba ƙaƙƙautawa. Cutar tana lalata saifa da wuri, saifa kuwa ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Shi ya sa zazzaɓi kan ɗauke irin wannan yaro cikin kwana ɗaya, kafin a san ma yana da sikila. Da yawa daga gidajen da ake cewa suna wabi, ba a taɓa gwada jinin iyayen ba.

Maganin wannan ba mai tsada ba ne. Wani bincike a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba wa yaran penisilin kullum ya rage mummunar cutar da ke shiga jini da kashi 84. Ana farawa daga wata biyu zuwa uku, yawanci miligiram 125 sau biyu a rana har shekara 3, sannan 250 sau biyu har shekara 5, bisa umarnin likita, tare da cikakkiyar allurar rigakafi. A koya wa uwa taɓa ƙasan haƙarƙarin hagu don jin girman saifa. Idan ta kumbura farat ɗaya, yaro ya yi fari fat ya yi laushi, a tafi asibiti a daren. Haka idan zafin jiki ya kai 38.5. A yawaita ba shi ruwa, a rufa masa jiki da hunturu, kada kuma a saya masa maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kemis ba tare da gwaji ba, domin ba ƙarfe ya rasa ba. Duk wannan ba zai yiwu ba sai an san yaron tun yana jariri. Gwajin gilashi ba ya aiki a wannan shekaru saboda yawan F, amma yanzu akwai 'yan sandunan gwaji irin su HemoTypeSC da SickleSCAN, ɗigon jini daga diddige, ba sa buƙatar lantarki, sakamako cikin 'yan mintuna.

Wannan F ɗin dai shi ya buɗe ƙofar magani. Maganin hydroxyurea yana sa ɓargo ya ƙara ƙera F. Binciken 1995 ya nuna ya rage tashin ciwo kusan da rabi ga manya. Abin alfahari, an yi muhimmin aiki a kansa a nan gida. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS kan sami shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Ana gane waɗanda ke cikin haɗari da na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa. A ƙasashen Turawa ƙarin jini ake musu duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyalanmu. Binciken da aka yi a asibitocin da suka haɗa da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, wanda aka wallafa a 2022, ya gwada hydroxyurea miligiram 10 da miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin yaro. Ba a ga bambanci a yawan shanyewar jiki tsakanin biyun ba, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Maganin yana buƙatar gwajin ƙidayar jini a kai a kai, domin yakan rage fararen ƙwayoyi, kuma mai ciki ko mai neman haihuwa sai ta tuntuɓi likita.

Warkewa gaba ɗaya tana nan, amma nesa da talaka. An yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a birnin Benin a 2011, yawanci kuma yana buƙatar ɗan uwa da jikinsu ya dace. Wajen 2008 masu bincike suka gano cewa ƙwayar gado mai suna BCL11A ita ke kashe ƙera F bayan haihuwa. A kan haka aka gina maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023: a ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a gyara wannan wuri, a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

Don haka roƙonmu ga ma'aikatun lafiya na jihohin Arewa shi ne, a hana rubuta jinotayif daga gwajin gilashi, a riƙa aika wa ɗakunan gwajin da aka amince da su jinin da aka san sakamakonsa domin a jarraba su, a ajiye mai ba da shawara a duk inda ake miƙa takarda. A sa gwajin diddige a ranar allurar rigakafin farko ta jariri, tunda iyaye mata na zuwa da kansu. A saka penisilin da hydroxyurea cikin magungunan da inshorar lafiya ta jiha ke biya, a kuma kai na'urar auna gudun jinin ƙwaƙwalwa manyan asibitocin shiyya, a riƙa duba duk yaro mai SS sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan gwajin jini da kula da yara masu amosanin jini, Kano.