Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu a kan injinan da suka buga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai, yayyenmu da ƙannenmu masu manyan babura, muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Rubuta wasiƙa ba aikinmu ba ne, mu da sifana da baƙin mai muka saba. Amma maganar da ke yawo a gari ta kai inda shiru zai zama kamar amsa laifi. Ana cewa injinan da suka buga a 'yan watannin nan duk a garejinmu aka yi musu juyen baƙin mai, har an ce wai duk wanda ya kawo mana lafiyayyen babur to ya tanadi kuɗin inji. Wallahi wannan magana ta yi mana ciwo, musamman da muka ji ta daga bakin mutanen da suka san hannunmu.

Gaskiya ne wasu babura da muka yi wa juye sun dawo da ƙara a ƙasan inji, kuma a cikinsu akwai waɗanda muka buɗe muka tarar metal ɗin kwanrod, wato siririn ƙarfen da ke shimfiɗe a gindin sandar fistin, ya cinye. Ba mu musa wannan ba. Abin da muke roƙo shi ne ku ji yadda aka yi kafin ku yanke mana hukunci.

Shekara da shekaru dila ɗaya ne a Legas yake turo mana baƙin mai da filta, ba mu taɓa samun matsala da shi ba. Kun san abin da ya faru da kasuwa tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Kayan asali suka yi tsadar da masu shigo da su da yawa suka ja baya, jabu kuma ya samu fili. Kayan da dilan ya turo mana a wancan karon kwalinsu ɗaya da na kullum, lamba ɗaya, hatimi ɗaya, kuma kuɗin asali muka biya ba ragin ko sisi. Rasit yana nan, duk mai son gani ya zo ya gani. Sai da muka yanka filtar da muka kwance daga ɗaya daga cikin injinan sannan muka ga takardar cikinta ta lotse, ɗan bawul ɗin da ya kamata ya buɗe wa mai hanya idan takarda ta toshe kuma ba ya ko motsi. Daga waje ba bakaniken da zai gane haka, ko a ina ya koyi aiki. Da muka kira dilan sai ya ce shi ma haka aka sayar masa. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin maganar tana hannun manya.

Wani zai ce ai filtar jabu ta cika gari, motoci na yawo da ita ba abin da ya same su. To a nan ne bambancin yake, kuma ku yi haƙuri mu ɗan tsawaita. Injin Yamaha R1, ko Kawasaki ZX-10R, ko BMW S1000RR, lita ɗaya ne kacal, amma ana tatsar ƙarfin doki wajen 200 daga cikinsa. Ba a samun haka sai da juyawa mai tsananin sauri. Idan allura ta kai juyi 14,000 a minti ɗaya, kiranshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, yana zagayawa fiye da sau 230 a cikin sakan ɗaya. Tsakanin kiranshaf da metal babu komai sai ɗan siririn baƙin mai da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma famfo ne ke tura shi can ta cikin wannan filtar. Da zarar man ya yanke, ko na 'yan sakanni ne, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, magana ta ƙare. Boxer ɗin ɗan acaɓa da ƙarfinsa bai kai doki 10 ba zai jure gurɓataccen mai ya ci gaba da neman abinci. Waɗannan ba a ƙera su da wannan rarar ba. An rage nauyin fistin, an sirance ringi, an matse komai saboda gudu, duk man da ke cikinsu kuma wajen lita 4 ne.

Ko masu ƙera su ba su tsira ba. A ƙarshen 2015 kamfanin Yamaha ya kira R1 samfurin 2015 a dawo da su saboda matsalar haƙoran giya, aikin da sai an sauke inji an tsaga shi. A 2020 Honda ta yi irin wannan kira a Turai a kan wasu sababbin CBR1000RR-R saboda kwanrod. Ba muna kushe su ba ne, babura ne na gaske, da su muke cin abinci. Amma irin wannan gyara a wurin dillalan kamfani na can ake yin sa, mu kuwa yawancin abin da ke zuwa mana na hannu ne, wasu ma daga gwanjon baburan da suka yi haɗari a Amurka. Babur ya faɗi a gefe inji na aiki, mai ya koma ɓangare ɗaya, a ɗaga shi a sauya masa robobi a yi fenti a loda a kwantena. Wanda ya saya a nan bai san tarihinsa ba, mu ma ba mu sani ba. Ranar da ya buga, hannun da ya taɓa shi a ƙarshe ake tunawa.

Ga kuma fetur. Matsin da ke cikin silindar waɗannan injina ya kai kusan 13 bisa 1, shi ya sa littafinsu yake cewa a zuba fetur mai lambar oktan 95 ko sama, wato wanda yake jure matsi. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, ba wanda zai rubuta maka lambarsa a jikin famfo. Kun tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, mai yawan methanol, da irin ɓarnar da ya yi wa motoci. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, tsada ta sa wasu suna sayen na bumburutu a galan idan tafiya ta kama. A haɗa da zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, babur yana tsaye a cinkoso fanka na ta ihu, lagireto ya cika da ƙurar hunturu. Inda aka ƙera su ba a yi lissafi da wannan ba.

Akwai abin da ba ma son faɗa amma dole mu faɗa, da girmamawa. Tayar da inji da sassafe a murɗa masa wuta yana sanyi, ɗaga gaba a daɗe a kan taya ɗaya, cire salansar kamfani a sa mai ƙara ba tare da an daidaita kwamfutar mai ba, ko ƙara man mota a hanya maimakon mai alamar JASO MA2 da kulocin babur yake buƙata, duk suna cin inji a hankali. Ba mu ce kowa yana yi ba. Mun dai ce ba kowace ƙara ce daga filta ba, kuma ba daidai ba ne a tattara duk injin da ya lalace a garin nan a ɗora mana.

A namu ɓangaren, mun kwashe ragowar waɗancan kayan daga kanta, kuma muna neman wata hanyar samun kaya da hankalinmu zai kwanta da ita. Muna kan magana da dilan. Waɗanda abin ya shafa za mu zauna da kowa mu duba yanayinsa, ba za mu bar kowa shi kaɗai da asara ba gwargwadon ƙarfinmu. Ba za mu iya faɗin adadi ko rana a yanzu ba, domin mu ma kuɗinmu yana can a maƙale, ga haya ga albashin yara. In sha Allahu za ku ji daga gare mu.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya fara amince mana da babur ɗinsa Suzuki Hayabusa tun muna aiki a ƙarƙashin rumfar kwano, yau ga shi ɗansa ne yake kawo mana nasa. Ranka ya daɗe, mun ji abin da ka faɗa a kanmu a bayan idonmu, Allah Ya saka da alheri. Haka 'yan tawagar ranar Asabar da muka sha raka su hanyar Zariya da akwatin kayan aiki, da yayanmu da injinsa yana cikin waɗanda suka lalace amma ya zo da kansa ya zauna a kan benci muka buɗe shi tare, bai ɗaga murya ba. Akwai waɗanda muka daina gani kwana biyu, mun kuma ga baburansu a wani wuri. Ba mu riƙe kowa a rai ba, dukiyarku ce, kuna da ikon kai ta inda kuka ga dama. Sai dai mun so a ce kun tambaye mu tukuna.

Duk wanda muka yi wa juye a 'yan watannin nan, don Allah ya kawo babur ɗin mu kwance filtar mu duba, ko da bai ji komai ba. Wanda kuwa ya ga jar fitilar mai ta kama yana tafiya, ko ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, ya kashe shi nan take, kada ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida. Ya kira mu, za mu zo mu ɗauka.

Allah Ya tsare hanya, Ya bar zumunci.

Naku,
Mai gareji da yaransa, Kano